Kwana da kaskon garwashi a ɗaki lokacin hunturu

Kin tambaya ko za ki iya barin kaskon garwashi a ɗakin yara har safe saboda sanyin Jos. A'a, kada ki bar shi. Idan ya zama dole a ɗumama ɗakin, a yi hakan taga tana buɗe, sannan a fitar da kaskon a kashe shi kafin kowa ya kwanta.

Haɗarin bai tsaya ga gobara ba, domin gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma a rufaffen ɗaki takan kashe mai barci bai farka ba. A unguwarmu na ga an garzaya da yara asibiti suna amai da ciwon kai, alhali ko labule bai kama wuta ba.