Amsa ga mai tambaya kan kamun kifi daga gaɓar teku da yadda ake sarrafa shi

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka, inda ka ce aiki ya kawo ka Kef Kos ta ƙasar Gana daga Zariya, kana ganin mutane suna jefa fatsa daga bakin teku, kana son sanin ko baƙo irinka zai iya, sannan kuma kifin da ka saya sau biyu ya dagargaje a tukunya, ƙarninsa kuma ya hana iyalinka ci. Ni haifaffen Yawuri ne, da ƙugiya da kwale-kwale na tashi a bakin Neja, kuma na yi shekara goma sha bakwai ina zaune a Elmina, wadda ba ta da nisa da inda kake. Abin da zan fara gaya maka shi ne, yawancin abin da na zo da shi daga kogi bai yi mini amfani a nan ba, sai da na zauna na sake koyo a hannun Fantawa, mutanen wannan gaɓar.

Kamun dai mai yiwuwa ne, kuma ba sai da jirgi ba. Kana buƙatar doguwar sanda mai kimanin mita 4 da abin naɗe zare a jikinta, da dalma mai nauyin giram 100 zuwa 150, da ƙugiyoyi biyu da za ka ɗaura a saman dalmar. Ka nemi dalma mai kusurwoyi, domin ita ce take nutsewa cikin yashi ta tsaya, mulmulalliyar kuwa igiyar ruwa za ta yi ta gangaro maka da ita har gaban ƙafarka. Yaran garin nan ma ba ruwansu da sanda, a jikin gwangwani suke naɗe zarensu, su wulwula dalmar su jefa, kuma sau da yawa sun fi ni kamu. Tanar da muka saba da ita a gida ba ta jimre ruwan gishiri, saboda haka abin da ake saƙala wa ƙugiya shi ne jatan lande ko yankan ƙaramin kifin da Fantawa ke kira eban, wanda a kasuwannin Najeriya ake ce wa shawa. Namansa yana da laushi, sai ka ɗaure shi da siririn zare, in ba haka ba tun a iska zai rabu da ƙugiyar.

Lokaci ya fi kayan aiki muhimmanci. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a kwana guda, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50, cikar kuma ta fi ƙarfi a farkon wata da tsakiyarsa, don haka mai lissafi da watan Musulunci ya riga ya sami rabin ilimin. Na fi samun kamu a awa biyun da ruwa ke hauhawa kafin ya cika, musamman idan ya dace da bayan asuba ko gab da magariba. Kada ka ɗauka sai ka yi jifa mai nisa. A bayan inda igiyar farko take karyewa akwai kwari a ƙarƙashin ruwa, launinsa ya fi duhu, nan kifi yake kiwo. Abin da ya fi faɗowa shi ne wanda ake kira kasaba a kasuwar nan, a Legas kuma kuroka, sai tarwaɗar teku, sai jan kifi ƙanana a kusa da duwatsu.

Kada ka juya wa teku baya, kada kuma ka shiga ruwa ya wuce gwiwarka, domin gaɓar nan tana da ja mai ƙarfi wanda yake kwashe yashi daga ƙarƙashin ƙafar mutum, kuma iya iyo a kogi ba ya cetonsa. Ranar Talata masunta ba su fita, al'ada ce daɗaɗɗiya da suke kiyayewa sosai, kai ma ka ajiye sandarka a ranar. Kafin ka fara, ka je ka gaida shugaban masunta na wurin, wanda suke kira apofohene, kamar dai Sarkin Ruwa a wajenmu. Shi zai nuna maka inda aka hana da inda aka yarda, ya kuma gaya maka ko an rufe kamu, domin a shekarun baya-bayan nan gwamnati ta sha rufe teku ga masu kwale-kwale a watan Yuli. Idan kuwa kifin kake so ba wahalar fatsa ba, ka sa hannu a igiya lokacin da ake jan taru zuwa gaɓa, ba a barin wanda ya ja ya tafi hannu wofi.

Matsalar da ka fuskanta a tukunya kuwa, ina kyautata zaton tun kafin kifin ya shiga gidanka ta faru. Tarwaɗar kogi tana iya kwana da rai a cikin baho, shi ya sa muka saba da sakaci, amma kifin teku yana mutuwa cikin 'yan mintuna, kuma a zafin ƙasar nan daga lokacin ya fara lalacewa. Ni da kaina na ɗanɗana wannan a shekarata ta farko. Na sayi kifin da a nan ake ce wa saman, wanda a gida muka sani da titus, kai tsaye daga kwale-kwale da hantsi, na zuba shi a baƙar leda na rataye a babur, na tsaya hira a zango har aka kira azahar. Da uwargidana ta soya shi babu wani wari da ya fito fili, sai dai ɗan yaji-yaji a harshe wanda muka ɗora wa barkono. Ba a yi rabin awa ba fuskarta ta yi jawur, yara suka fara susa, ni kuma kaina kamar zai tsage. A asibiti aka bayyana mana cewa kifaye masu duhun nama da maiƙo, irin su titus da shawa da tuna, idan suka daɗe cikin zafi suna tara wani sinadari da ake kira histamin, wanda suya ko dahuwa ba ta kashe shi. Tun daga ranar ban sake zuwa bakin teku ba tare da kula mai ƙanƙara a ciki ba.

Saboda haka da zarar ka ciro kifi, ka buge shi a ka da itace ya mutu nan take, kada ka bar shi yana birgima a yashi, domin wahalar tana sa namansa ya yi laushi. Ba yanka ake nufi ba, tunda hadisi ya tabbatar da cewa ruwan teku mai tsarki ne, mushensa kuma halal ne. Gyaran nama kawai ake nema. Sai ka ɗaga murfin da ke gefen kansa, ka yanke jan naman da yake numfashi da shi, ka bar jinin ya tsiyaye. Daga nan ka farke cikin daga ƙasa zuwa wuya da bakin wuƙa a sama, don kada ka fasa maɗaciya ta ɓata maka naman da ɗaci. Idan ka fitar da kayan ciki, za ka ga wani baƙin layi na daskararren jini manne da ƙashin baya, ka sa babban yatsa ka kankare shi tas, domin shi ne uwar ƙarnin da iyalinka suka ƙi. Sai ƙanƙara, a ƙasa da sama da kuma cikin cikinsa. Ka yi hattara da ƙayoyi uku na tarwaɗar teku, suna da dafi, ka datse su kafin ka kama ta da hannu. Talibamban kuma, wanda yake kumbura kamar ƙwallo, ka mayar da shi ruwa, gubarsa tana kisa.

In saya za ka yi, wani tsohon masunci ya koya mini gwajin da bai taɓa ba ni kunya ba. Ya ɗauki kifin ta kai ya miƙe shi a kwance cikin iska: sabon kifi yana tsayawa a sandare, wanda ya kwana kuwa wutsiyarsa tana lanƙwashewa ƙasa. Ka haɗa da duba ido, ya zama garau a bulluƙe, ƙarƙashin murfin ya zama ja mai haske, in ka danna jikinsa kuma gurbin yatsarka ya cike nan da nan.

A gida, kada a zuba masa ruwan zafi ko a cuɗa shi da toka kamar yadda ake wa tarwaɗa don cire yauƙi, wannan ne yake fara dafa fatar har naman ya rabu. A kankare ɓawon, a ɗauraye da ruwan sanyi mai tsabta, a tsane shi da ƙyalle. Lemun tsami yana da kyau, amma kada ya wuce minti goma a jikinsa, domin tsamin yana cinye naman. Mutane da yawa suna rage gishiri da zaton kifin teku ya zo da nasa, alhali namansa ba shi da gishiri, a sa masa kamar kowane kifi.

A ganina gashi ne ya fi fitar da daɗin sabon kasaba ko jan kifi. A tsaga shi sau uku a kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙashi, a cusa dakakkiyar citta da tafarnuwa da attaruhu da ɗan masoro da aka kwaɓa da man gyaɗa. A jira harshen wuta ya mutu, gawayi ya yi farar toka, a shafa wa wayar gashin mai, sannan a ɗora. Kifi mai rabin kilo yana ɗaukar minti shida zuwa bakwai a kowane gefe, kuma sau ɗaya tak ake juya shi. Idan ya manne da waya, bai kai juyawa ba ne, a ƙara masa minti guda zai saki da kansa. Mu da dokunu da shito, wato miyar barkono, muke ci kamar yadda mutanen gari suke yi, amma da dafa-duka ma yana tafiya.

Farfesu ne inda aka fi yin ɓarna, kuma ina jin nan naka ya dagargaje. Mun saba zuba nama da ruwa tare a bar su su yi ta tafasa, kifin teku kuwa ba ya jure haka. A fara dafa romon shi kaɗai da albasa da kimba da citta da daddawa kaɗan har ya haɗu, a rage wuta, sannan a jera gunduwoyin a faffaɗar tukunya ba tare da ɗora wani kan wani ba. Minti takwas zuwa goma sun isa. Kada ludayi ya shiga, in ana son romo ya zagaya sai a kama kunnuwan tukunyar a girgiza a hankali. Kan kifin ka sa shi tun farko tare da romon, shi yake ba shi kauri.

Idan kamu ya yi yawa, musamman daga Yuli zuwa Satumba lokacin da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku shawa ta cika gaɓa, banda ita ce mafita. Matan nan suna amfani da murhun Cokko, wanda aka ƙirƙiro a unguwar masunta ta Cokko da ke Akara a 1969, mai farantan waya da ake jerawa bisa juna, kuma za su yi maka bandar naka a kan kuɗi kaɗan. Ka gaya musu tafiya arewa za a yi da shi, domin su ƙara masa kwana a kan hayaƙi ya bushe ƙamas. Bandar kwana ɗaya tana da laushi da daɗi, amma ba za ta kai Zariya ba.