Zumuɗi yana farawa, tsari ne ke riƙewa

Ɗan'uwa, ka ce kana son shiga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, amma da ka fara karatun JAMB da ƙarfinka, bayan mako guda sai jikinka ya mutu. Zumuɗi wutar kara ce; abin da ke riƙe mutum shi ne lokacin da ya tsayar wa kansa, ba ya saɓawa. Ni minti 40 na ware bayan sallar asuba, wayata tana ɗakin Inna, ko da hunturu. Babban kuskure shi ne tsara awa shida kullum, sannan a watsar da komai saboda an tsallake kwana ɗaya. Idan kuwa kasalar ta haɗu da rashin barci da ƙuncin zuciya fiye da mako biyu, ka ga likita.