In sayi dala yanzu, ko in jira ta sauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gumel. Bana na sayar da riɗi da bijimi guda, na haɗa da ɗan abin da na tara, da niyyar in kai mahaifiyata Umara da azumi. Lokacin kaka ejan ya faɗa mini farashi. Da na koma zan biya rabi, sai ya ce lissafi ya canza, wai dala ta motsa. Kuɗin suna banki. Wasu na cewa in sayi dala yanzu, wasu na cewa in jira za ta sauka. Wace shawara zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, ya ba Hajiya lafiyar yin ɗawafi da ƙafarta.

Da farko, kada ka yi saurin zargin ejan. Biza da masauki a Makka da Madina da motar da za ta ɗauke ku daga Jidda, ba ɗaya da ake biya da naira a can. Tikitin jirgi ma da dala ake ƙiyasta shi, sannan a juya maka zuwa naira a farashin ranar. Riyal kuwa tun 1986 aka ɗaure ta da dala, riyal 3.75 kan dala ɗaya, kuma har yau tana nan a haka. Ke nan ba riyal ce ke motsi tsakanin kaka da azumi ba, nairar da ke asusunka ce ke raguwa tana zaune.

To daga yau ka daina riƙe lissafin tafiyar nan da naira. A misali, ka ƙaddara kujera ɗaya dala 2,000 ce. In dala tana naira 1,500, miliyan 3 ke nan. In ta koma 1,650, ta zama miliyan 3 da dubu 300. Ku biyu ne, sai ka ninka, ka ga dubu 600 sun tafi ba ka ƙara ko kwana ɗaya a Harami ba.

Masu ce maka ka jira, ka tambaye su wa ya ba su labari. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dala a hukumance wajen naira 460 take. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,800 a hannun 'yan canji. A shekarar ne hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta nemi maniyyatan da suka riga suka biya kusan miliyan 4.9 su ciko wajen miliyan 1.9. Amma masu cewa ka kwashe kuɗinka duka ka sayi dala yau, su ma ba su fi su sani ba. Wanda ya saya a Fabrairun 2024 ɗin, cikin Afrilu ya wayi gari dala ta faɗo ƙasa da 1,200, ya rasa bakin magana. Ba mai tabbacin gobe, daga ɗan canjin Wapa har mai sharhi a rediyo.

Abin da nake gani shi ne ka rage abin da ke lilo. Ka koma wajen ejan, ka ce ya rubuta maka farashin da dala, kashi-kashi, wannan na biza, wannan na tikiti, wannan na masauki. Ka tambaye shi wanne ne in ka biya yau ya rufe, ba sauran ciko. Irin wannan ka biya, musamman masauki, don na goman ƙarshe na azumi ko dala ba ta motsa ba tashi yake yi. Rasit ɗin ya faɗi ƙarara cewa an biya gaba ɗaya, da sunan masaukin da adadin kwanaki. Kafin ka miƙa ko sisi, ka tabbatar kamfanin jirgin yawon yana da lasisin NAHCON, kuma ka tura kuɗin cikin asusun kamfani, ba na wani yaron ofis ba.

Guzuri kuma ka saye shi kaɗan-kaɗan: kashi ɗaya yanzu, kashi ɗaya bayan wata guda, ragowar dab da tafiya. Ba za ka dace da farashi mafi araha ba, amma mafi tsada ma ba zai same ka gaba ɗaya ba. Sannan ka ware kamar kashi goma cikin ɗari na kuɗin tafiyar, ka manta da shi. In an yi ƙari ka cike da shi, in ba a yi ba ya zama na tsaraba.

Na san wani zai ce da ka bar riɗin a buhu, tunda kayan fita waje ne, farashinsa a kasuwar Dawanau ta Kano yakan bi dala. Yakan bi, amma ba kullum ba, ga ɓera ga danshi. Bijimi kuwa kowace safiya sai ya ci harawa da dusa. An riga an sayar, kada ka sa wa ranka damuwa.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Daga ƙasar Dambatta nake. Maigidana za a kai Masar a duba masa ido, mun haɗa kuɗi da gudummawar dangi da adashena. Ɗanmu ya ce mu canza kuɗin zuwa kuɗin Masar tun daga nan, don kada a yi canji sau biyu. Haka ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne. Yaron ya yi tunani, amma ku tafi da dala. Fam ɗin Masar shi ma yana fama da irin ciwon naira. A Maris na 2024, cikin yini ɗaya, dala ɗaya ta tashi daga wajen fam 31 ta doshi 50. Kuma a nan Kano ba kasafai ake samunsa da farashi mai kyau ba. In kun isa Alƙahira sai ku riƙa canza abin da za ku kashe na kwana biyu ko uku, a banki ko shagon canji mai lasisi.

Takardar ƙiyasin da asibiti ya aiko, a duba da wane kuɗi aka rubuta ta, kuma me da me ke ciki. Tafiyar magani ta fi Umara wuyar lissafi, don likita na iya cewa a ƙara gwaji, ko a dawo bayan mako biyu a duba aiki. Kuɗin haya da abinci da sauya ranar tikiti duk sai su taso. Nan kashi goma cikin ɗari bai isa ba, ku tanadi abin da zai riƙe mutum biyu ƙarin makonni. Ɗanku ya leƙa banki da fasfo da biza da takardar asibitin ya tambayi Form A, wadda ake neman kuɗin magani da guzurin tafiya da ita, sai a gwada farashinsu da na kasuwa. A 2024 dai Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa zuba guzurin a kati, ba a hannu ba.

In a Wapa za a saya, a tafi da wanda ya san wurin. A karɓi 'yan ɗari-ɗari sababbi, masu shuɗin zare a tsakiya, waɗanda aka fara fitarwa a 2013. A ɗaga kowace a haske, a juya bayanta. Mai yagewa ko tambari ko rubutun biro a mayar, domin a can ko a ƙi ta ko a rage mata daraja, haka ma tsohuwa mai ƙaramin kai. Cinikin kuma ya zama hannu da hannu, kamar yadda malamai suka shar'anta a canjin kuɗi. Ban da a tura naira yau a ce a zo a karɓi dala jibi. In abin da za a riƙe ya wuce dala 10,000, a bayyana wa jami'an kwastan a filin jirgin Malam Aminu Kano.

Tambaya: Malam, ina fataucin awaki a kasuwar Maigatari, ina son zuwa Damagaram sayayya bayan Sallah. Shin ni ma dala zan riƙa sa wa ido?

Amsa: Ɗan'uwa, kai taka sefa ce, ita kuma da yuro aka ɗaure ta, sefa 655.957 kan yuro ɗaya. Dala na iya tsayawa cik, yuro ya tashi, sefa ta yi maka tsada. Kowace Alhamis ka tambayi farashin jaka ɗaya, wato sefa dubu, wajen mutum biyu ko uku, ka rubuta a littafinka, kuma ka riƙa sayen kaɗan duk ranar da ciniki ya yi kyau. Kafin ka taya akuya a can, ka mayar da kuɗinta naira a farashin da ka sayi sefar, ka ɗora kuɗin mota da na hanya, sannan ka gwada da abin da irinta ke yi a Maigatari.