Me ya hana a kira Sabon Gari birni?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Samaru ta Zariya. Ina jin mutane na cewa "zan shiga birni" in sun nufi Ƙofar Doka, alhali Sabon Gari ma cike yake da jama'a da shaguna. Me ya sa shi ba a ce masa birni?

Amsa: 'Yata, a wurin mutanen da, ba yawan jama'a ke sa wuri ya zama birni ba. Ganuwa ce. Sai an kewaye gari da ita, an yi masa ƙofofi, ga sarki da fadarsa, ga babbar kasuwa, sannan ya ci sunan. Zariya tana da nata ƙofofin: Doka, Kuyambana, Gayan, Kona, Tukur-Tukur da sauransu. A ƙasar Hausa har "ganuwar Amina" ake cewa, don an danganta gina ganuwoyi da yawa ga Sarauniyar Zazzau.

Ƙasa da birni akwai gari da ƙauye, waɗannan kin san su. Waɗanda suka fi ba ni sha'awa su ne sunayen da ke faɗin dalilin kafa wuri. Zango masaukin fatake ne, inda ayari ke sauke kaya ya kwana, kuma wasu zangunan suka girma suka riƙe sunan, kamar Zangon Aya da Zangon Kataf. Ruga ta Fulani makiyaya ce. Rinji kuwa ƙauyen bayi ne masu noma wa ubangidansu, kuma ƙasar Zazzau ta yi rumada (jam'in rinji) da yawa a ƙarni na 19; tarihi ne mai ɗaci, amma namu ne. Ribaɗi garin tsaron iyaka ne, irin Wurno ta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. In gari ya tashi, sai ya koma kufai.

Sabon Gari haihuwar zamanin Turawa ne. Sun kama Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya biyo baya, sai aka ware wa ma'aikata da 'yan kasuwa, galibi mutanen Kudu, wuri a bayan ganuwa kusa da tasha. Tudun Wada kuma aka zaunar da baƙi 'yan Arewa. Ko ɗaya ba a kewaye shi da ganuwa ba.

Yanzu kalmar ta faɗaɗa, rediyo na cewa birnin Landan, birnin Legas, kuma ba laifi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ganuwar kanta: ruwa na zaizayarta, mutane na haƙar ƙasarta suna gini, a wurare da dama ma gidaje sun hau kanta.