Me ya sa netwok ya tsaya cak bayan an ƙara wayar kebul ɗaya?

Ka ce ka haɗa suwic biyu (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci a netwok) da waya ta biyu, nan take fitilunsu suka hau ƙiftawa tare, intanet ya ɗauke a duk ofis. Malam, abin da masana ke kira broadcast storm ne, wato guguwar saƙonni.

Idan kwamfuta ta aika saƙon kowa-da-kowa, kamar tambayar ARP ta neman adireshin wata na'ura, suwic yana fitar da shi ta kowace ƙofa (wurin saka waya) ban da wadda ya shigo. Da wayoyi biyu, saƙon zai fita ta ɗaya ya dawo ta ɗayar, a sake watsa shi. Fakitin IP, wato ƙunshin saƙon intanet, yana da lambar TTL mai ƙayyade tsawon rayuwarsa, wadda kowace rauta (na'urar da ke haɗa netwok da netwok) ke rage ɗaya har ya mutu, amma firam ɗin Ethernet, ƙunshin da suwic ke aiki da shi, ba shi da ita, don haka zagayen ba ya ƙarewa. Teburin adireshin MAC, inda suwic ke rubuta ƙofar da kowace na'ura take, shi ma ya rikice, tunda ana ganin adireshi ɗaya ta ƙofofi biyu.

Fara zare wayar. Sannan ka kunna STP, tsarin da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, mai toshe ƙofar da ta yi rara. Tsohon STP yana cin daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya daidaita, gara RSTP, sabon salonsa mai sauri na 2001. Matsalar ita ce yawancin ƙananan suwic masu araha ba su da ko ɗaya. In kana son wayoyin biyu su yi aiki tare, ɗaure su da LACP, tsarin da ke mai da su kamar waya ɗaya, a suwic ɗin biyu.