Dara da wasan yaƙi na kan tebur

Tambaya: Tun ina yaro nake buga dara a gindin tsamiyar ƙauyenmu, ga shi har na yi furfura ban daina ba. Jikana ya ce Turawa na da wata mai sojoji. Yaya take? Daga wani manomi, karkarar Ringim.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya, jikanka ya faɗi gaskiya. A 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa rundunar Furushiya, a Jamus ta yau, wasan Kriegsspiel, inda ake shimfiɗa taswira, a jera ƙananan tubala ja da shuɗi a matsayin dakaru, alƙali kuma yana jefa ɗan lido domin yanke sakamakon kowace arangama. Bayan nasararsu a kan Faransa a 1871, wasu ƙasashe suka kwaikwaya.

Dararku mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa ba ta da ɗan lido, don haka wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa, da dabararsa ya ci. A ganina wannan ya fi gwada kaifin tunani, kuma ya kamata jikan ya zauna ku koya masa.