Ƙ da ɗ suna lalacewa a saƙon Git: ina gyaran yake?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a nan Zinder, mu uku muke haɗa wata manhaja da Git, wato tsarin da ke adana tarihin sauye-sauyen aiki. In na rubuta saƙon commit (bayanin da ake rubutawa in an adana sauyi) da Hausa, abokina da ke kan Windows sai ya ga "Æ™ara" a maimakon "ƙara". Wani ya ce in mayar da saitin i18n.commitEncoding zuwa tsarin haruffa na ISO-8859-1. In yi?

Amsa: Kada ka yi, ƙanena. In ba ka saita komai ba, Git yana ɗaukar saƙonka a matsayin UTF-8, tsarin ajiye haruffa a kwamfuta da ke ɗauke da duk haruffan Hausa, kuma shi ne ya dace da mu. ISO-8859-1 yana da é da ç na Faransanci, amma babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a cikinsa ko kaɗan. Sannan wannan saitin ba ya juya rubutu. Lamba kawai yake liƙa wa commit ɗin cewa da tsari kaza aka rubuta shi, kamar a rubuta "gero" a buhun dawa.

Abin da abokinka ya gani ma albishir ne. A UTF-8, ƙ bayit 2 ne, C6 da 99. Tagar da ke karatu da Windows-1252, tsohon tsarin haruffa na Windows, tana ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi daban, C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Ke nan saƙonka yana nan lafiya lau a rumbun, wajen nunawa ne aka samu tangarɗa. Ya duba da Git Bash, tagar buga umarni da ke zuwa tare da Git a Windows. In kuwa cmd, tagar umarni ta Windows, yake so, ya buga chcp 65001 don ta koma UTF-8, ya sa LESSCHARSET=utf-8, ya kuma tabbata i18n.logOutputEncoding ba ya kan wani tsari daban.

Inda nake jin tsoro shi ne ka ga "?ara". Nan mai yiwuwa editan da aka rubuta saƙon da shi ne ya zubar da harafin tun kafin ya kai ga Git, in kuwa haka ne ba saitin da zai dawo da shi. Kowannenku ya sa editansa ya riƙa ajiyewa da UTF-8.

In saƙon ƙarshe ne ya lalace kuma ba ka tura shi zuwa rumbun da kuke amfani da shi tare ba, git commit --amend zai gyara. Wanda aka riga aka tura kuwa ku bar shi, domin sauya saƙo yana sauya lambar commit ɗin, tarihinku ku uku ya rabu. Kuma don Allah kada wannan ya sa ku koma rubuta k da d ba lanƙwasa.